Matakan Dasa Bishiyoyi a Filin da Aka Gama Haƙar Ma'adinai

Filayen da aka haƙi marmara a gefen birnin Kano, ko kuza kamar a garin Riruwai da ke kudancin jihar Kano, sun rasa ƙasar sama mai albarka, don haka dashe a cikinsu yana buƙatar shiri.

Da farko a cike ramuka, a daidaita filin, a farfasa ƙasar da ta daskare. Sannan a haƙa rami mai zurfi da faɗin santimita 60, a bar tazarar mita 3 tsakanin kowane rami da na kusa da shi, wanda zai ba da kimanin bishiyoyi 1,100 a hekta guda. Gawo kuwa yana son tazarar mita 10, saboda faɗin rassansa.

A cakuɗa ruɓaɓɓen takin dabbobi da ƙasa mai kyau a zuba a ramin. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. A dasa darbejiya ko bagaruwa a watan Yuli, lokacin da damina ta kankama. Bayan makonni huɗu a zagaya dashen da ɗan takin zamani na NPK, nesa da gindinsa, a rufe da ƙasa, a kuma kange shi daga awaki.

Inda ake zargin akwai dalma a ƙasa, kada a dasa itatuwan marmari.