Yadda Ake Haɗa Wasan "Kar Ka Taɓa" da Batir da Waya

Wasan shi ne a lanƙwasa waya ta zama zane, ɗan wasa ya bi ta da zobe daga farko har ƙarshe. Zobe na taɓa waya, sai ƙara ta tashi, fitila ta kama.

Za ka nemi batir mai bolt 9 da maƙalarsa, da buza ('yar na'urar da ke ƙara in wuta ta bi ta cikinta), da ƙaramar fitilar LED, da resista (mai rage yawan wutar da ke wucewa) mai om 470, da mita ɗaya na wayar wayarin gida mai sili ɗaya (2.5mm), da waya mai laushi santimita 60, da katako, da bututun biro, da salatif.

Fara da feɗe robar wayar mai kauri, ka yanke santimita 15 ka ajiye. Sauran ka lanƙwasa shi yadda kake so, ko tozon raƙumi ko tsuntsu. Amma ka guji zane mai sarƙa irin na dagi, domin inda waya ta gitta 'yar'uwarta a matse zobe ba zai wuce ba. Huda katako wuri biyu, ka kafa bakunan.

Guntun da ka ajiye ka naɗa bakinsa ya zama zobe a jikin zanen, faɗinsa kamar santimita 2. Zura gindinsa cikin bututun biro, ka ɗaura masa waya mai laushi.

Jar wayar batir ta tafi ƙafar buza mai alamar +, ta kuma bi ta resista zuwa doguwar ƙafar fitila. Gajerun ƙafafun biyu, ta buza da ta fitila, ka haɗe su da gindin zanen. Baƙar wayar batir kuma ta tafi zobe ta hanyar wayar nan mai laushi. Kada ka jera buza da resista a layi ɗaya, resistar za ta shaƙe wutar, ƙarar ta fito kamar kukan sauro.

In ka ji "ƙas" kawai, buzar da ba ta da na'urar kaɗa sauti a ciki aka sayar maka. Nemi wadda ke kuka da zarar an ɗora ta a batir. In shiru gaba ɗaya, duba wayar: ta naɗin mota ko fanka tana da fenti mai hana wuta wucewa. Gumin hannu ma yana dusashe jan ƙarfe, sai a goge da samfefa.

Naɗa salatif a bakuna biyu na zanen don zobe ya sami wurin hutawa, in ba haka ba batir zai ƙare kafin gari ya waye. Wutar soket kuwa, kada ta kusanci wannan wasa ko da wasa.