Yadda ake zaɓar inda manhaja za ta ajiye fulogin ɗin burauza a Linux

Duk mai haɗa manhaja da hannunsa a nan Maraɗi, ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ne ko mai kula da kwamfutocin siba, ya san wannan ciwon kai: an buga make install, umarnin da ke girka manhajar, komai ya tafi lafiya lau, amma burauza ta yi kamar ba a ajiye mata fulogin ba, wato ɗan fayil ɗin da ke ƙara mata aiki. Abin da ya faru shi ne fayil ya sauka a /usr/local, inda configure, umarnin da ke tsara haɗa manhajar, ya saba kai kaya, ita kuwa burauza ba ta leƙa can. Wurin da take nema shi za a bi.

Fara da sanin irin abin da ke hannunka. In tsohon fulogin ne na NPAPI, tsarin da burauzoji suka yi amfani da shi a baya, a da Firefox na dubawa a /usr/lib/mozilla/plugins da ~/.mozilla/plugins. Sai dai zamaninsa ya wuce: Chrome ya gama sallamarsa a 2015, Firefox 52 ya bi baya a 2017 ya bar Flash kaɗai, shi ma ya kwanta dama ƙarshen 2020. Yau abin da aka fi girkawa ɗan fayil ne na JSON da ke haɗa ƙarin burauza da manhajarka. Na Firefox wurinsa /usr/lib/mozilla/native-messaging-hosts, na Chrome /etc/opt/chrome/native-messaging-hosts, na Chromium kuma /etc/chromium/native-messaging-hosts.

Na biyu, don wa ake girkawa? In kwamfutarka ce kai kaɗai, foldar gida ta wadatar, ba sai da sudo, umarnin samun ikon mai kula da kwamfuta, ba. In ta siba ce da mutane ke shiga da asusu daban-daban, sai wurin kowa da kowa, irin waɗanda aka lissafa a sama.

Mataki na uku shi ne inda ake yawan gardama. Kada ka kafe hanyar foldar a cikin Makefile, fayil ɗin da make ke bin umarninsa. Mayar da ita zaɓi a configure ko CMake, wanda mai haɗawa zai sauya da kansa, domin Fedora na da /usr/lib64, Debian kuma da nata tsarin. A ganina, in ba a faɗi komai ba, fayil ya tsaya ƙarƙashin prefix, wato babbar foldar da aka zaɓa don girkawa, sannan manhaja ta buga saƙo ta nuna inda burauza ke nema. Wanda ya ce a sa masa kaya a /opt bai ba ka izinin taɓa /usr/lib ba, ko da hakan ne zai sa abin ya yi aiki nan take.

Daga nan sai gwaji: make install DESTDIR=/tmp/gwaji, wanda ke zuba komai a foldar gwaji maimakon ainihin wurinsa, ka duba inda kowane fayil ya faɗa. Buɗe JSON ɗin ma, hanyar da ke ciki ta zama cikakkiya daga tushe, babu ɓurɓushin /tmp/gwaji.

In duk an yi daidai amma shiru, duba ko Firefox ɗin na Snap ne, wani tsarin ƙunshe manhaja, kamar wanda ke zuwa da Ubuntu tun 21.10. Wannan a killace yake, ba ya ganin foldojin waje kai tsaye, don haka gwada da wanda aka sauke daga Mozilla kafin ka sake taɓa Makefile.