Darasi: Maganin sukari da guringuntsin gwiwa

Idan mahauci ya raba gwiwar akuya, a dubi kan ƙashin. Akwai wani farin abu mai santsi da ya lulluɓe shi, shi ne guringuntsi. A gwiwar mutum kaurinsa milimita 2 zuwa 4 ne, kuma shi ke hana ƙashi gugar ƙashi. Jini ba ya ratsa shi, daga ruwan gaɓa yake samun abinci, shi ya sa in ya zaizaye da wuya ya koma. Sai gwiwa ta riƙa ƙara, ta sage da safe, tsuguno da sujada su zama aiki. Wannan shi ne amosanin gaɓɓai.

Metformin kuwa ƙwaya ce ta masu ciwon sukari, ana samunta a farmasi da sunan Glucophage, mai miligiram 500, 850 ko 1000. Wani likitan Faransa, Jean Sterne, ya fara ba masu sukari ita a 1957. Aikinta shi ne rage sukarin da hanta ke zubawa a jini.

To me ya haɗa ta da gwiwa? A ɗakin gwaje-gwaje, masana kan ciro ƙwayoyin halittar guringuntsi su rene su a ƴan faranti. Sai su zuba musu sinadarin da ke tayar da kumburi. Daga nan sai ƙwayoyin su fara fitar da wani sinadari mai suna MMP-13, wanda ke tsinka zaren guringuntsi kamar yadda gara ke cin azara. A farantin da aka sa metformin, wannan sinadarin yana raguwa, domin maganin yana tayar da wani mai gadi a cikin ƙwayar halitta, ana ce masa AMPK. An kuma yi wa ɓeraye ƙaramar tiyata a gwiwa don ciwon ya kama su. Waɗanda suka sha maganin, guringuntsinsu bai lalace da sauri ba. Da aka gwada a ɓerayen da aka cire wa AMPK, maganin bai kare komai ba.

Amma ɓera ba ya ɗaukar buhun gyaɗa, ba ya yini tsugune a gona. A 2025 aka fitar da sakamakon gwaji a Ostireliya kan mutum 107 masu ƙiba da ciwon gwiwa, marasa sukari, na wata 6. Masu shan metformin sun fi waɗanda ba a ba su ita ba samun sauƙin zafi. Zafi aka auna, ba tsirowar guringuntsi ba, kuma mutanen kaɗan ne. Don haka kada wanda ba likita ya rubuta masa ba ya saya don gwiwa.

Ga inda ake iya samun matsala. Mai sukari yana shan metformin, gwiwa ta dame shi, sai ya sayi diklofenak ko ibuprofen wajen mai talla a kasuwa, yana sha kullum. Waɗannan suna gajiyar da ƙoda, metformin kuma ta ƙoda take fita. In ƙoda ta gaza sai maganin ya taru, jini ya yi tsami, numfashi ya yi sauri, abin har yakan kai ga rasa rai. Haɗarin ya fi yawa da bazara, lokacin da zufa ke ƙarar da ruwan jiki. Wanda amai ko zawo mai tsanani ya kama, ya dakata da metformin, ya je asibiti a ranar. A gwada ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara, a kuma faɗa wa likita duk abin da ake sha, har na gargajiya.

A sha metformin tare da abinci, domin da cikin wofi tana sa tashin zuciya da zawo. Wanda ya daɗe yana sha, in ƙafafunsa sun fara mutuwa ko tsikari, ya nemi a duba masa bitamin B12.

Ita gwiwar, kowane kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage yana sauke mata kusan kilo 4 a kowane taku. A zauna a kujera, a miƙe ƙafa sambal, a ƙirga goma, a sauke. Sau goma kowace ƙafa, safe da yamma.