Katin Gayyata a Ingila: Ku Fara da Ambulan

A gida idan suna ko aure ya taso, babu mai zama yana tunanin kaurin takarda. Ana rubuta abin da ake so a ba yaro ya kai madaba'a, kafin yamma ya dawo da kati cike da leda, a haɗa da goro da alawa a shiga rabo. A Ingila ma akwai masu buga kati, amma yawancinsu ta intanet ake hulɗa da su, sai an jira kwanaki, kuma idan guda talatin ko arba'in kawai kuke so kuɗin kowane kati yakan yi yawa. Shi ya sa mutanenmu da dama suke sayen katin da babu rubutu a jikinsa, da ambulan ɗinsa, su buga da firintar gida. Ga mai jiran haihuwa wannan ya fi kowace hanya sauƙi, domin kwana bakwai ba su da yawa: tsakanin asibiti da karɓar 'yan barka da neman inda za a yanka rago, babu lokacin jiran kaya daga wani kamfani. Idan katin yana ajiye tun watan haihuwa bai tsaya ba, abin da ya rage shi ne a cike rana da wuri a buga.

Kafin a kai ga saye, ku rage yawan da kuke da shi a zuci. Mafi yawan waɗanda za ku gayyata WhatsApp ya ishe su, su ma sun fi son haka saboda adireshin yana cikin wayarsu. Katin takarda na manya ne: dattawan gari, limami, surukai, maƙwabcin da zai ga motoci sun cika layi, da shugaban wurin aiki da kuke neman hutu a wajensa. Idan kun ƙirga su, ku ƙara kamar guda goma a kai, domin babu yadda za a yi firinta ba ta ɓata wasu ba.

Shawarata ta farko ita ce ku zaɓi ambulan kafin kati. Kati kuna iya yanka shi ya zama yadda kuke so, ambulan kuwa yadda aka yi shi haka yake. Ingila da sauran Turai suna amfani da ma'aunin takardar da muka sani a Najeriya da Nijar. A4 ita ce takardar ofis, milimita 210 da 297. Rabinta A5, milimita 148 da 210, rabin wannan kuma A6, milimita 105 da 148. Kowace tana da ambulan ɗinta mai harafin C: kati mai girman A5 yana shiga C5, mai girman A6 yana shiga C6, haka kuma A5 da aka ninka biyu C6 ne gidansa. Akwai dogon ambulan na wasiƙun ofis da ake kira DL, milimita 110 da 220. Ban cika son sa ga gayyata ba, domin mai gida zai iya ɗauka takardar kuɗin wuta ce ya ajiye ta gefe. Akwai kuma kati mai inci 5 da 7, wanda ya yi yawa a kasuwa kuma yakan zo da ambulan ɗinsa a ƙunshi ɗaya.

A nan ne masu oda ta intanet suke faɗawa rami. Amurka da Kanada ba sa bin wannan ma'auni. Takardar ofis ɗinsu inci 8.5 ce da 11, ta fi A4 faɗi, ta gaza ta tsawo. Sannan ambulan ɗin gayyata a can su ma da harafin A ake kiransu, amma ba su da wata alaƙa da A ɗin Turai. Ambulan A7 na Amurka shi ne na katin inci 5 da 7, alhali A7 a ma'aunin Turai 'yar ƙaramar takarda ce mai milimita 74 da 105. A shagunan intanet irin su Amazon, eBay da Etsy masu sayarwa daga ko'ina suke, don haka kada ku tsaya a kan suna. Ku gangara ƙasa ku karanta awon da aka rubuta da milimita ko inci, ku ɗauki rula ku zana shi a kan takarda ku gani da idonku. Ku duba kuma daga wace ƙasa kayan za su taso, kada ku yi oda kuna tsammanin jibi ashe sai bayan mako uku. Wanda yake so ya taɓa da hannunsa kafin ya biya, shaguna irin su Hobbycraft, Ryman da The Works suna sayar da irin waɗannan kaya, abin da za ku tambaya shi ne card blanks.

Dalili na biyu na farawa da ambulan shi ne gidan waya. A wajen Royal Mail, wato kamfanin gidan waya na Ingila, abin da ake lissafawa a matsayin wasiƙa bai wuce milimita 240 a tsawo, 165 a faɗi, 5 a kauri ba, nauyinsa kuma kada ya haura giram 100. C5 yana da milimita 162 da 229, wato da kyar ya tsallake. Nauyi ba shi ne matsala ba, kati mai kauri girman A5 bai kai giram goma ba. Kaurin ne yake kama mutane. Da zarar an ɗaura ƙyalle, an liƙa duwatsun ado ko hatimin kakin zuma, sai wasiƙa ta koma ajin manyan wasiƙu, kuɗin kan sarkinta ya ƙaru. Idan kuwa kan sarkin da kuka liƙa bai kai ba, wanda kuka aika wa za a nemi ya biya kafin ya karɓa. Ku dubi kunyar da ke cikin a ce Alhaji ya biya tara kafin ya ga gayyatar sunan jikansa. A gidan waya suna da wani faranti mai tsaga da ake gwada kauri, ku haɗa kati ɗaya cikakke ku kai a gwada muku. Idan kuma wani ya ba ku tsofaffin kan sarki na yau da kullum masu hoton Sarauniya da babu lambar ɗigo-ɗigo a gefensu, an daina karɓarsu tun ƙarshen Yulin 2023. 'Yan'uwanmu na Amurka su kuma su sani cewa ambulan da tsawonsa da faɗinsa suke daidai wa daida yana jawo ƙarin kuɗi a can, saboda injin rarraba wasiƙu ba ya iya sarrafa shi.

Sai kaurin katin kansa. A nan da gsm ake rubuta shi, wato nauyin murabba'in mita ɗaya na takardar da giram. Takardar ofis 80 ce. Katin gayyata mai tsayawa da kansa yana tsakanin 250 da 300, kuma ido yana son mai kaurin, amma firinta ce mai yanke hukunci. Ku nemi lambar firintarku a intanet ku ga iyakar abin da take ɗauka. Wadda ake saka wa takarda ta baya, ta miƙe ta fito ta gaba, ta fi jure kati mai kauri. Wadda take jan takarda daga aljihun ƙasa sai ta lanƙwasa ta kafin ta fito, a nan ne kati yake maƙalewa ko ya fito a karkace. Idan irin wannan gare ku, 200 zuwa 220 ya isa, kuma babu wanda zai raina shi. Masu sayarwa daga Amurka da lb, wato ma'aunin nauyi na fam, suke rubuta nasu, tare da sunan nau'in katin: 80 lb cover ya kusa 216, 110 lb cover ya kusa 300, amma 110 lb index bai wuce 200 ba, ga lamba ɗaya ga kauri daban.

Irin firintar ma da magana. Mai tawadar ruwa tana son kati marar sheƙi. Idan kuka ba ta mai walƙiya ko mai santsi da ba don ita aka yi ba, tawadar ba za ta bushe ba, yatsa ɗaya ya isa ya goge sunan amarya. Mai garin tawada, wato leza, da zafi take aiki, tana iya narkar da gam ɗin ambulan ta manne shi kafin a saka komai, kuma a kan kati mai kaushi rubutunta yakan ɓanɓare. Firintar gida ba ta buga fari, don haka baƙin kati ko shuɗi mai duhu ba naku ba ne. Ba ta buga ruwan zinare na gaskiya, abin da zai fito ya fi kama da kalar ƙasa. Mai son zinare ya sayi katin da aka riga aka yi wa gefe da shi, ya buga baƙin rubutu a tsakiya. Kuma kada ku shafe bayan kati gaba ɗaya da launi, zai shanye tawadar da ta fi katin tsada, musamman wadda take zuwa da sabuwar firinta, da ma ba cikakkiya ba ce. Ku sayi kati mai ruwan madara tun farko.

Ku fara da ƙaramin ƙunshi, ku gwada, sannan ku sayi sauran. Doka a nan ta ba mai saye ta intanet kwana 14 daga ranar da kaya suka iso ya ce ya fasa, ko da yake sau da yawa shi zai biya kuɗin mayarwa. Kayan da aka yi wa mutum na musamman, kamar katin da aka buga sunansa, ba sa cikin wannan dama. Wajen gwaji, ku yanka takardar ofis daidai girman katin, ku yi mata alama da fensir a fuska ɗaya don ku gane wane gefe firinta take bugawa. Ku gaya wa kwamfuta ainihin girman takardar, ku zaɓi bugawa kashi 100 cikin 100, kada ta rage ko ta ƙara da kanta. Ku bar kamar milimita biyar babu rubutu a kowane gefe. Idan kati mai ninki ne, fuskar gaba tana rabin dama. Ku riƙa sakawa ɗaya bayan ɗaya, ku baza su su sha iska kafin ku tara.

Rubutun ado da ke cikin manhajojin tsara kati yawanci ba su da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Za ku ga Ɗanladi ya fito da akwati a madadin harafin farko, ko harafi ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa. Salon rubutu irin su Noto na Google, da Gentium da Charis, kyauta ne kuma suna da haruffanmu duka. Idan za ku sa Larabci, ku ba wanda ya iya ya duba abin da ya fito a takarda, domin wasu manhajojin suna rarraba haruffa ko su juya su daga hagu. Ni dai ra'ayina a bar aya da Bisimilla daga jikin kati, saboda a nan takardar da aka gama da ita kwandon shara take tafiya.

Abin da ake rubutawa ma ya bambanta da na gida. "Bayan sallar La'asar" ba lokaci ba ne a Ingila. A Landan cikin Disamba ana yin Magariba kafin ƙarfe huɗu, a Yuni sai bayan tara na dare, kuma masallatan da ke bin mazhabar Hanafiyya sukan yi La'asar a makare fiye da yadda muka saba. Ku rubuta ƙarfe nawa za a fara, ƙarfe nawa za a tashi, domin ɗakin taro na haya da awa ake biyansa. Idan taron ya faɗo Lahadin ƙarshe ta Maris ko ta Oktoba, ranar ake canza agogo. Ku sa kwanan watan Miladiyya a gaba, ku rubuta sunan watan da haruffa saboda baƙi daga Amurka da suke fara lissafi da wata, na Hijira ya biyo baya tunda masallatai a nan ba sa haɗuwa kan ganin wata. Lambar unguwa ta gidan waya kuwa, wadda ake kira postcode, ita ce za ta kai mutum ƙofar wurin, ku rubuta ta da manyan haruffa. Ku sa lambar waya ɗaya da ranar da kuke so a sanar da ku ko za a zo, saboda kowane ɗakin taro yana da iyakar mutanen da aka yarda su shiga, kuma masu wurin ba sa ɗaga ƙafa a kan haka.

A kan ambulan, idan mai duhu ne ko firintar tana tauna shi, ku buga adireshi a farar takarda mai gam ku liƙa, ko ku rubuta da hannu. Kan sarki a sama ta dama, adireshinku a baya. Mai gam ɗin da ake ɓare masa takarda ya fi wanda ake jiƙawa saurin aiki. Na dattawan da kuke gari ɗaya da su kuma kada ku jefa a jan akwatin gidan waya. Zuwa da kai ya fi aike: ku rubuta Alhaji ko Hajiya da cikakken suna, ku kai da hannunku, idan shagon kayan Afirka na unguwarku yana da goro ku haɗa da shi.