Mu rage ihu, mu bar yara su buga ƙwallonsu

Salam 'yan uwa masu horar da yara, wata 'yar shawara ce. Don Allah mu rage jera yara a layi kowa na jiran a zo kansa, yaro ɗan shekara 7 ya tsaya minti biyar ya taɓa ƙwallo sau ɗaya tak, to me ya koya?

Ni yanzu uku-uku nake raba su, ƙaramin fili, ƙananan raga guda huɗu, biyu a kowane gefe, in babu raga takalma ma sun isa. Funino ake kiran salon, wani Bajamushe Horst Wein ne ya ƙirƙiro shi, kuma daga kakar 2024/25 hukumar ƙwallon Jamus ta wajabta irin waɗannan ƙananan wasanni ga yara ƙanana. Da yake raga biyu za a kai wa hari, in an tare ɗaya yaron da kansa zai ɗaga kai ya juya ɗayar, ba sai ka yi ta "ba shi! ba shi!" har muryarka ta dishe ba.

Sannan ka bar su su sa dokarsu. Rannan wani ƙaramin cikinsu ya ce ba a cin gol sai kowa ya taɓa, wallahi irin fasin da na gani ranar ban taɓa samunsa da ihuna ba. In yaro ya yi kuskure kar ka busa usur, bari sai an tsaya shan ruwa ka tambaye shi "me ka gani a wurin?" ka yi shiru ya amsa. Shirun nan ne mai wuya gaskiya, ni ma har yanzu bakina ƙaiƙayi yake.