Kafin a dawo da wuta da tsakar dare

Ni abin da na fi tsoro a ɗakin kwanan ɗalibai shi ne hitar dafa ruwa, musamman da hunturu. An ɗauke wuta, ka bar ta jone cikin bokitin roba, ka tafi karatu. Can da tsakar dare a dawo da wuta, ruwa ya ƙafe, bokiti ya narke, ga katifar soso a gefe, sai gobara. Don haka da an ɗauke wuta, zare komai daga soket, har dutsen guga.

Risho kuwa nesa da labule, kuma kada ka zuba masa kananzir yana ci.

In gobarar daga lantarki ce, kul ka watsa ruwa. Kashe babban makunni tukuna, sannan ka zuba yashi. In mai ne ya kama a tukunya, kifa mata murfi.

Tagoginmu duk da ƙarfen hana ɓarayi, ƙofa ce kaɗai mafita, saboda haka tun yau ka san wa ke riƙe da makullin ƙofar baya. In hayaƙi ya turnuƙe, duƙa ƙasa ka fita, kana buga ƙofofin maƙwabta. Bar takardun nan! Daga waje ka kira 112 da masu gadin makaranta.