Darasi na 7: Ƙibar Uwa da Zuciyar Jariri

A wurinmu idan mace ta yi ƙiba sai a ce ta samu hutu, maigida na ji da ita. Har akwai masu shan ƙwayar "sha ka fashe" don jiki ya murje. Amma mai shirin ɗaukar ciki tana da abin lura a nan.

Zuciyar ɗan tayi tana fara bugawa kamar mako uku bayan shigar ciki, kuma kafin mako takwas an gama ƙera ta. A lokacin mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da juna biyu ba, tana dai cewa wata ya wuce ta. Idan ƙiba ta yi yawa, suga yakan hau a jinin uwa, shi kuwa yana iya ɓata wannan ƙira. Sai a haifi yaro da huda a zuciya: yana haki wajen shan nono, goshi na gumi, wani lokaci leɓe ya yi shuɗi. Ba kowace mai ƙiba hakan ke samu ba, haɗarin ne ya fi yawa. Kitsen ciki kuma yakan hana na'urar hoton ciki ganin zuciyar sosai.

Akwai kuma hawan jini da jijjiga, da jaririn da ya haura kilo 4 har kafaɗa ta maƙale wajen haihuwa, ko a kai ga tiyata.

Ga yadda ake gane ƙiba. Ki ninka tsayinki da kansa, ki raba nauyinki da abin da ya fito. Mai tsayin mita 1.6 da kilo 80: 1.6 sau 1.6 ya ba da 2.56, a raba 80 da shi, ya zama 31. Daga 30 zuwa sama ƙiba ce.

Rage jiki kafin ciki ake yi. Idan ya riga ya shiga, kada ki zauna da yunwa. Ki rage lemon kwalba da suga a koko da fura, ki yawaita zogale da wake, ki riƙa ɗan tattaki. Ki fara awo da wuri, ki nemi a auna miki suga, ki sha maganin ƙarin jinin da aka ba ki.

Aiki: Wata mata tana da tsayin mita 1.5 da nauyin kilo 72. Ki yi lissafin a littafinki, ki rubuta abin da za ki faɗa mata.